Irin yalo a ɗaki: ɗumi yake so, ba duhu ba

Mutane da yawa a Maradi suna zaton cewa idan an shuka irin yalo a cikin ɗaki, to can zai zauna har ranar dashe. Wannan kuskure ne. Amfanin ɗaki ɗumi ne kawai, domin a sanyin Disamba da Janairu irin yakan yi nauyin tsirowa, alhali a ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 yakan fito cikin kwana 7 zuwa 14. Da zarar ya tsiro kuwa, haske yake nema. Idan aka bar shi a lungu, sai karan ya yi tsawo siriri, ya karkata wajen taga, ya kwanta. A riƙa fitar da kwanon da aka shuka irin a ciki tsakar gida da hantsi, a mayar da magariba, har tsawon mako 6, sannan a dasa.