Yaƙin da ke biyo soja har cikin ɗakinsa

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin sojojin Najeriya da aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya kuma aka kai shi Saliyo. Ranar da ya dawo Zariya da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, babu ko tabon harsashi a jikinsa, an yanka rago, an yi sadaka, tsofaffi suna ta hamdala suna cewa Allah ya dawo mana da shi lafiya. Ina yaro a lokacin, amma ban manta da hawan sallar da ya biyo baya ba. Muna tsaye a gefen hanya muna kallon dawakai, sai 'yan bindigar sarki suka saki bindigoginsu na gargajiya kamar yadda suka saba, kafin hayaƙin ya washe kawu ya riga ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya danne ɗansa a ƙarƙashinsa, babbar rigarsa duk ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Mutane suka yi dariya, shi ma ya miƙe yana yaƙe yana kakkaɓe jiki. Daga wannan shekara har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake zuwa kallon hawa ba.

Abin da ke faruwa cikin gida kuwa babu mai yi masa dariya. Ba ya barci sai goshin asuba. In ya zauna a zaure dole bayansa ya jingina da bango, fuskarsa tana kallon ƙofa. Ranar babbar salla, da zarar ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya tashi, sai ya bar unguwar gaba ɗaya, ba ya dawowa sai dare. Matarsa ta koyi cewa ba a taɓa shi in yana barci, sai dai a tsaya daga bakin ƙofa a kira sunansa a hankali, domin akwai daren da ta dafa kafaɗarsa za ta tashe shi sahur, ya shaƙe mata wuya kafin ya gane ko wace ce. Dangi kowa da fassararsa. Wasu suka ce alhakin jinin da ya zubar ne ke bin sa, wasu suka ce iskokan dazukan can ne suka shige shi, wasu suka ce abokan aiki ne suka yi masa sammu, masu ƙaramin tausayi kuma suka ce ai soja da wiwi ba a raba su. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. A cikin shekarun nan duka ban taɓa jin wani ya ambaci likita ba, kuma ban ga laifinsu ba, tunda babu wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da suna, balle magani.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiransa PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Bayaninsa a taƙaice shi ne, jikin da ya daɗe yana zaman ɗar-ɗar a bakin daga yakan kasa sauka daga wannan hali ko bayan haɗarin ya wuce, sai ƙara ko wari ko mafarki ya mayar da mutum tsakiyar abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa. Sau da yawa yakan zo tare da baƙin ciki mai nauyi, da saurin fushi, da guje wa mutane, da neman mafaka a ƙwaya ko barasa don a samu a runtsa. Sai a 1980 likitocin Amurka suka shigar da shi cikin kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Kafin nan duniya ta daɗe tana kiransa ragwanci. A yaƙin duniya na farko Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da tsoro, da yawansu kuwa rashin lafiya ce ke damunsu, ba a yafe musu a hukumance ba sai a 2006. Mu ma kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama sun dawo da nasu, haka waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kusan kowane gari yana da labarin wani tsohon soja da ke fareti shi kaɗai a bakin kasuwa yara suna bin sa da waƙa.

Dalilin da ya sa nake wannan rubutu yanzu shi ne, abin da kawu ya gani a 'yan shekaru, yaran da ke sanye da kaki a yau sun fi shekara 15 suna ganinsa, kuma a cikin ƙasarsu. Tun rikicin Boko Haram na Maiduguri a Yulin 2009 wuta ba ta mutu ba. Sunan rundunar da ke wannan yaƙi ya sauya daga Zaman Lafiya zuwa Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, an buɗe wasu fagagen a Zamfara da Katsina da Filato da Binuwai, amma sojan shi ne dai ɗaya, ana ɗauke shi daga wannan daji a jefa shi wancan. A Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wuta a kan motar kwamandan runduna ta 7 bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Cibok, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, kafin daga baya a sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A Agustan 2014 ɗin matan sojoji suka tare ƙofar barikin Giwa don hana a tafi da mazajensu Gwoza. A Agustan 2018 kuma wasu sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri, suna ƙin a tura su Marte, suna cewa sun shekara da shekaru a fagen daga ba a canja su ba. Ban ce a bar rashin ɗa'a ba hukunci ba, domin soja babu biyayya ɗan fashi ne da albashi. Amma duk wanda ya karanta waɗannan abubuwa bai ga komai ba sai tawaye, to bai karanta da kyau ba. Mutumin da aka bari shekara uku ko huɗu a rami, yana binne abokansa, ba ya ganin iyalinsa sai a waya, akwai iyakar abin da kansa zai ɗauka, kuma maganin farko, mafi araha, shi ne a ƙayyade tsawon zama a bakin daga a kuma mutunta ƙa'idar.

Idan lokacin ajiye aiki ya zo, tsarin da muke da shi ya fi kula da aljihu, shi ma ɗin da ƙyar. Akwai cibiyar Oshodi a Legas da ke koya wa masu shirin ritaya sana'o'i, akwai hukumar fanshon soja a Abuja, akwai inshorar lafiya ta DHML, akwai kuma ranar 15 ga Janairu da ake ajiye furanni a saki tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. Duk suna da amfani. Sai dai wanda aka koya wa kiwon kaji ko walda alhali ba ya barci, jarin ba zai kai baɗi ba.

A Oktoban 2022, wajen aza harsashin cibiyar kula da masu wannan ciwo da ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta ɗauki nauyi a Abuja, Aisha Buhari ta faɗa a bainar jama'a cewa mijinta ya yi shekaru yana fama da shi, bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa, kuma ita ce ta zama mai jinyarsa tun tana 'yar shekara 19. Mutane sun mayar da maganar abin siyasa da barkwanci, ni kuwa matar kawu na tuna. Idan Janar da ya mulki ƙasa bai samu wanda ya duba shi ba sai matarsa, ina ga kofur? Na yaba da cibiyar, kamar yadda na yaba da hasken da ziyarar Yarima Harry na Birtaniya ta Mayun 2024 ta jefa a kan sojojin da ke jinya a asibitin 44 na Kaduna. Amma ga inda nake da ja. Tsohon saje da ya koma Zuru ko Biu ko Langtang ko wani ƙauye a bayan Gumel ba zai kashe rabin fanshonsa a kuɗin mota zuwa Abuja don ya zauna gaban baƙo ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Ko asibitocin ƙwaƙwalwa da ke kusa da mu, na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano, sunansu kaɗai ya isa ya hana shi zuwa, tunda a bakin mutanenmu duk wanda aka gani a ƙofarsu an gama yi masa shaidar hauka, har 'ya'yansa mata sai abin ya shafi aurensu. Ga kuma ƙarancin ma'aikata: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kullum kuma ana rasa wasu zuwa ƙasashen waje.

Saboda haka a ganina kulawar ce ya kamata ta bi tsohon soja zuwa garinsu. Amurka ta gane haka tun 1979, lokacin da ta buɗe ƙananan cibiyoyi a cikin unguwanni, nesa da manyan asibitoci, ta zuba tsofaffin sojoji a cikin masu ba da shawara, saboda ta lura waɗanda suka dawo daga Biyetnam ba sa yarda su buɗe baki sai ga wanda ya san warin abin. Mu ba ma buƙatar sabon gini. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion tana da rassa a jihohi, mambobinta sun san junansu, sun san wanda ya daina fitowa masallaci da wanda ya fara shan tiramol. A horar da wasu daga cikinsu su gane alamomi, su iya sauraro, su san lokacin da za su kama hannun mutum su raka shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP wanda ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano irin waɗannan cututtuka da fara kula da su, kuma an riga an yi amfani da shi a Borno, don haka ba baƙon abu ba ne. Limamai da fastocin bariki, da malaman da ake fara kai mutum wurinsu, su ma a jawo su ciki, domin babu hikima a yaƙar ruƙiyya, abin da ake nema shi ne malamin ya ce a ci gaba da addu'a a kuma je a ga likita. Kada mu manta da abin da aka tarar a gidan marin Rigasa a 2019, wanda ya nuna inda iyalai kan kai nasu idan sun rasa wata ƙofa.

Akwai shinge biyu da sai hukuma ce za ta iya cire su. Soja mai aiki yana tsoron duk abin da ya faɗa wa likitan bariki zai shiga fayil ɗinsa ya tare masa ƙarin girma, kuma muddin ba a ba shi tabbacin sirri a rubuce ba, zai ci gaba da cewa lafiya lau. Na biyu, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wannan ci gaba ne, amma dokokin hukunta laifuka da muka gada sun tanadi ɗaurin da zai kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Iyalin da suka san haka ɓoyewa za su yi, ba za su kai shi asibiti ba.

Sai maganar iyali, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Matar soja ita ce ke fara ganin ciwon, ita ce ke jinyarsa, ita ce kuma ke fara shan dukansa, amma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayanin abin da zai iya dawowa da shi. In ta kai ƙara gida a ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. In ta kai ƙara bariki ta ji tsoron kada ta jawo masa matsala a wurin aiki, abincinsu ya yanke. Yaran da suka tashi suna sanɗa a cikin gidan ubansu, suna karanta fuskarsa kafin su gaishe shi, su ma suna ɗauke da nasu rabon har girma. Ya kamata kafin bataliya ta dawo a tara matan a yi musu bayani da Hausa da sauran harsunan da suke ji, a ba su lambar da za su kira cikin sirri, inshorar ta ɗauki ganin likitansu da na yaransu, kuma a faɗa ƙarara cewa rashin lafiyar miji ba ta halatta dukan mace ba, tsaron ranta yana gaba da rufin asirin gidan. Matan da mazajensu suka rasu a fagen daga kuwa, ga takaba, ga zirga-zirgar neman haƙƙi daga ofis zuwa ofis, ga barin gidan bariki, ban san wanda yake tambayar yadda suke kwana ba.

Na san wani zai ce, ina 'yan gudun hijira, ina waɗanda sojojin da kansu suka zalunta? Tambayar tana kan hanya, kuma kula da lafiyar soja ba ta wanke wanda ya yi laifi daga fuskantar shari'a. Amma mutumin da kansa ya dagule yana riƙe da bindiga a shingen bincike, farar hula ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Zan ma ƙara da 'yan ƙato da gora na Borno, waɗanda suka tashi tun 2013 suka ga abin da soja ya gani, amma ba sa cikin tsarin fanshon soja balle inshorarsa.

Matar kawu tana nan da ranta, ta tsufa. Ɗan nan da ya danne a ƙasa ranar hawan salla shi ma ya shiga Difo, makarantar horar da kuratan soja a Zariya, yanzu haka yana Borno. Bara da aka ɗaura masa aure, bayan 'yan kai amarya sun watse, ta kira yarinyar ɗaki ta yi mata nasihar da uwar miji kan yi, ta girki da ladabi da riƙon sirri, sannan ta ƙara da cewa duk ranar da ya zo hutu, in za ta tashe shi daga barci, ta tsaya daga bakin ƙofa ta kira sunansa.