Walter Carrington: Lauyan da ya ƙi kame baki a zamanin Abacha

A al'adar difilomasiyya, jakada baƙo ne. Yana gani, yana ji, ya rubuta wa gida, sannan ya yi shiru. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ma ta hana shi tsoma baki cikin harkokin cikin gida na ƙasar da ta karɓe shi. Walter Carrington, jakadan Amurka a Najeriya daga 1993 zuwa 1997, ya san wannan ƙa'ida sarai, amma ya taka ta da gangan. Ni dai ina ganin ya yi daidai.

Ba daga ma'aikatar harkokin waje ya taso ba. An haife shi a 1930, ya gama karatun shari'a a Harvard a 1955, ya yi aikin lauya a Boston, kuma tun bai kai shekara talatin ba aka sa shi a hukumar yaƙi da wariya ta jihar Masachuset. Baƙar fata ne da ya fara aiki lokacin da launin fata ke hana mutum gidan haya da aikin yi. Daga nan ya yi shekaru a Saliyo da Tunisiya da Senegal ƙarƙashin Peace Corps, shirin 'yan sa-kai na gwamnatin Amurka, kafin Shugaba Carter ya tura shi jakada Senegal a 1980.

Da Clinton ya aiko shi Najeriya, an riga an soke zaɓen 12 ga Yuni, kuma a Nuwamban 1993 Janar Sani Abacha ya karɓi mulki. Tambayoyin da Carrington ya riƙa yi irin na lauya ne: wane laifi mutumin nan ya yi, wace kotu ta saurare shi, ina damar ɗaukaka ƙara? A ƙasar da Doka ta 2 ta ba da ikon tsare mutum ba shari'a, waɗannan tambayoyi kaɗai sun isa su zama tsokana. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa, ɗan fafutukar Ogoni, da mutum takwas a Nuwamban 1995, dangantaka tsakanin Amurka da gwamnatin Abacha ta ƙara tsami. A 1997 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka tarwatsa liyafar bankwana da 'yan fafutuka suka shirya masa a Legas.

A Arewa da yawa sun ɗauke shi ɗan amshin shatan NADECO, ƙungiyar masu adawa da mulkin soja, kuma mai kare muradin Yarabawa kawai. Zargin bai rasa tushe ba, domin mafi yawan abokan hulɗarsa 'yan Legas ne, can ofishinsa yake. Sai dai a tuna cewa kotun sojan da ta ɗaure Obasanjo a 1995 ita ce ta ɗaure Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamban 1997. Wanda ya ce a bi shari'a a lokacin, Bakatsine ma yake karewa, ko da Katsinawa ba su gode masa ba.

Inda nake da ja shi ne yabon da ake wuce gona da iri, har a jingina jarumtar mutum ɗaya ga ƙasarsa. Gwamnatin Amurka ta hana manyan sojoji biza, ta yi ta fitar da sanarwa, amma ba ta daina sayen ɗanyen man Najeriya ba, duk da kiraye-kirayen 'yan adawa. Jakadan na magana a Legas, jiragen dakon mai na lodi a tashar Bonny. Abacha ya fahimci haka, shi ya sa martaninsa bai wuce cin fuska ba: ya sauya wa titin ofishin jakadancin suna zuwa na Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam mai sukar gwamnatin Amurka. Sai bayan dawowar mulkin farar hula aka sa wa titin sunan Carrington, wanda ya rasu a Agustan 2020.