Launi kaɗai ba ya nuna dodon-koɗin teku

Abin yana damuna: masu ninƙaya a duwatsun murjani na Bahar Maliya da sun ga ƴar halitta mai launi tana jan ciki, sai su ce dodon-koɗi marar ɓawo ce. Ba laifinsu ba ne, kamannin sun yi yawa.

Amma akwai tsutsotsi masu faɗi, sirara kamar ganye, da ke da irin wannan ado. A dubi jiki. Dodon-koɗin yana da kauri, da ƙahoni biyu a ka da yake sansano abinci da su. Yawancinsu kuma suna da tuntu a gadon baya, da shi suke numfashi. Wani irin dodon-koɗin da ake kira Chromodoris quadricolor, mai ratsin baƙi da shuɗi da gefe ruwan lemo, tuntunsa a fili yake. Tsutsar ba ta da shi.