Ranar da aka tura ni ful

Takardar ɗaukata aiki ba ta da tsawo. Bayan matakin albashi da gargaɗin a zo da takardun makaranta na asali, sai layin ƙarshe ya ce in kai kaina wajen shugabar pool ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. Turancina ba na yarwa ba ne, amma pool ɗin da na sani guda ɗaya ne tak: kwarmin ruwan nan mai shuɗin ƙasa da ake ginawa a manyan otal-otal, inda masu hali ke shiga su jiƙe su fito ba soso ba sabulu. Na ce ikon Allah, ashe ma'aikatar nan har wurin ninƙaya gare ta, kuma ni aka zaɓa.

Kafin magariba labari ya gama majalisarmu a Zariya. Wani abokina ya tuna mini cewa iyakar iyona shi ne na kududdufin bayan gari, inda ruwa bai wuce cibiya ba. Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce. Na shiga gwanjo na sayi tawul da gajeren wando mai hoton bishiyar kwakwa, don kada a ce sabon ma'aikaci ya zo ba shiri. Kawuna, wanda ya yi ritaya yana tuƙin motar gwamnati, ya karɓi takardar ya duba, ya dubi wandon, sai ya ce, "Madalla ɗan nan, Allah ya ba da sa'a." Na ga kafaɗunsa suna rawa lokacin da ya juya, na ɗauka tari ne.

Akwai kuma matsalar baki. Mu Hausawa mun daɗe da raba gari da harafin p. Pool da full da fool da pull, duk a bakinmu ful ne, mai sauraro ya zaɓi wanda ya yi masa. Haka na sauka a Kawo da sassafe, na hau keke zuwa ƙofar ma'aikatar, cikin shadda mai sitaci da jaka a kafaɗa, na durƙusa wa maigadi.

"Baba, ina kwana. Don Allah ina ne ful?"

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Yaro, da safiyar Litinin?"

"Ai ƙarfe takwas aka ce mini, Baba, kada in makara."

"Allah ya shirya," in ji shi. "Bi bayan katangar nan, lungu na biyu, ka shige har ƙarshe. Za ka ga shago mai allo."

Ban ji ƙanshin ruwa ba a lungun, sai na kwata. A ƙarshensa ga wani ɗan shago, an jingina baƙin allo a bango, an jera lambobi da alli daga 1 har kusan 50, wasu an zagaye su, wasu an sa musu alamar kuros. A kan benci dattawa ne, kowa da jan biro a bayan kunne da damin tsofaffin takardu a cinya. Ɗaya ya ɗaure tabaransa da zare, yana bin lambobi da farce yana motsa leɓe kamar mai tilawa. Can kusurwa wani mai babbar riga ya ɗaga jarida ya rufe fuskarsa da ita tun da na yi sallama, bai kuma sauke ba.

Na gyara murya na ce gwamnati ce ta turo ni, ina son ganin shugaba.

Wurin ya yi tsit. Mai shagon, wani mai Hausar bariki, ya miƙe tsaye ya ce in zauna, ya aika yaro ya kawo maltina mai sanyi, ya jawo durowa ya fara zazzage mini rasit-rasit na haraji, yana rantsuwa cewa na bana ma ya biya. Ni kuwa na ga irin tarbar da ake yi wa ma'aikacin gwamnati, na ƙara bajewa a kujera. Sai da na sha rabin kwalba sannan na tambaye shi ta ina ake shiga ruwan, kuma a ina ake sauya kaya.

Ya ce, "Wane ruwa?"

Na miƙa masa takardar. Ya karanta da ƙarfi, ya maimaita layin ƙarshe, sai ya kwanta a kan tebur yana buga shi da tafin hannu. Dattawan benci suka ɗauka. Mai jarida kaɗai bai yi dariya ba.

Dattijon nan mai tabarau ne ya ji tausayina. Ya ce in ƙarasa lemona, tun da an riga an buɗe. Nan ful ne, in ji shi, amma na ƙwallo. Kowace lamba a allon wasa ce da za a buga a Ingila ko Sukotlan ranar Asabar, aikinsu shi ne su canki waɗanda za a tashi canjaras. Kowa ya zuba kuɗinsa wuri guda, kamfani ya cire nasa, wanda ya dace ya kwashi saura. Ya ce abin ya girmi kakana: a 1923 wani Bature John Moores da abokansa suka kafa Littlewoods a Liverpool, suka fara raba takardun a bakin filin Old Trafford na Manchester. A hunturun 1963 ƙanƙara ta hana wasa mako da makonni, sai kamfanonin suka zaunar da kwamitin tsofaffin 'yan ƙwallo a ɗaki, su yanke yadda wasan da ba a buga ba zai tashi da an buga shi, kuma a biya kuɗi a kan haka. In Turawan Ingila sun tafi hutun ƙarshen kakar wasa kuwa, sai a koma wasannin Ostireliya, don allo ba ya hutu. Duk wannan ya zubo mini shi ba tuntuɓe, mutumin da takalminsa ɗaya robar taya ce ta riƙe shi. Na tambaye shi ko ya taɓa ci. Ya ce saura ƙiris, wancan makon lamba ɗaya ce ta ci amanarsa. Daga yadda sauran suka gyaɗa kai na gane lambar nan ta daɗe tana cin amanar mutane.

Mai shago ya karɓi kuɗin maltinarsa kafin in fita.

Na koma ƙofa ina huci, na tarar Baba ya tashi, wani matashi ya karɓe shi. Wannan karon na tattara leɓɓana na furta kalmar da p ɗinta, har da ɗan tofi. Ya ce ai tun da farko da na faɗa haka, in zagaya bayan kantin ma'aikata. Na zagaya, na tarar da tebur mai koren kyalle da ramuka shida, wasu masinjoji biyu suna zungurar ƙwallaye da sanda tun kafin shayi ya sauka. Abin da muke kira sinuka ke nan a rumfunan unguwa, alhali sinuka ta gaskiya ƙwallayenta 22 ne, ja 15 a ciki. Wannan mai 16, mai lambobi, wanda ake ƙarewa da baƙa mai lamba 8, sunansa pool. Suka ce in ajiye jaka in sa naira ɗari biyu, wanda ya ci ya ɗauka. Na ce aiki na zo. Suka ce su ma.

Wani direba da ke cin ƙosai a gefe ya ji mu, ya ce in biyo shi, shi ma ɗan ful ne. Ya kai ni wani fili a bayan ginin, inda aka jera motoci masu lambar gwamnati, uku a kan tayoyinsu, sauran a kan duwatsu. Har da tsofaffin Fijo 504 irin waɗanda aka riƙa haɗawa a nan Kaduna tun shekarun 1970, ciyawa ta fito ta tagar ɗaya, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Wannan shi ne pool na motoci: motar da ba ta kowane oga ba ce, wanda aiki ya taso masa ya cike takarda a ba shi ita da direba. Nan Kawu ya yi rayuwarsa ta aiki, kuma a nan na fahimci tarin da ya kama shi. Jami'in sufuri ya ce in kawo lasisina. Na ce ko keke sai da gangara nake hawa. Shi ne mutum na farko a ranar da ya karanta takardar tun daga sama, ya nuna mini bene da biro ya ce ɗaki na ƙarshe a hannun hagu.

Rana ta take lokacin da na tura ƙofar. Dogon ɗaki ne mai fanka ɗaya, tebura a jere, a kan kabad an tara tsofaffin tafireta an lulluɓe su da leda, ƙasa kuma kwamfutoci uku da injin buga takarda. Wata Hajiya mai gilashi a kan hanci ta ɗago.

"Kai ne wanda muke jira tun takwas?"

"Ranki ya daɗe, ni ne. Hanya ce ta ɗan yi tsawo."

"Daga Zariya?"

"A'a, daga get."

Ta ce in fito da takarduna. Na zuge jaka, na ja fayil, fayil ya jawo tawul, tawul ya jawo gajeren wando, wando ya faɗi a kan teburinta, bishiyar kwakwa tana kallon sama. Matan ɗakin suka daina taɓa kwamfuta.

"Wannan fa?" Ta ɗaga tawul ɗin da bakin biro.

"Na share gumi ne, ranki ya daɗe."

Ta ɗaga wandon. "Wannan kuma gumin ina?"

Har yau a ma'aikatar nan ba mai kirana da sunan yanka. Mai Ninƙaya ake ce mini, har a takardar karo-karon biki.

Aikin dai shi ne buga wasiƙu. Tun zamanin tafireta ake tara masu buga takardu a ɗaki ɗaya, ba wanda yake na wani ofis shi kaɗai, duk mai wasiƙa ya aiko a buga masa. Sunan ya zauna ko da tafiretocin suka koma kan kabad. Da na samu natsuwa na buɗe babban ƙamus ɗin da Hajiya ke danne takardu da shi, sai na ga ashe kalmomi biyu ne suka sa riga ɗaya. Ta farko tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin ruwan da ya taru ya kwanta, ita ce a wurin ninƙaya, ita ce a jinin da ya taru a ƙasa, ita ce ma a wutsiyar sunan Liverpool da Blackpool. Ta biyu daga Faransanci ta zo, poule, wato kaza, sunan da 'yan karta suka ba kuɗin da aka zuba a tsakiya. Daga kazar nan aka samu cacar ƙwallo, da teburin masinjoji, da motocin Kawu, da ni kaina. Kusan adashi ne, kowa ya zuba a tukunya ɗaya, illa dai a lungu na biyu ba kowa kwasa ke zagayowa kansa ba. Shi ya sa bayan cire tallafin man fetur a 2023, da wani abokin aiki ya ce mu huɗu mu yi pool, sai da na sa ya yi mini bayani dalla-dalla a gaban shaidu. Ashe motarsa za mu riƙa shiga tare muna haɗa kuɗin mai.

Da a ofis abin ya tsaya, da da sauƙi. Lokacin ana maganar aurena da wata yarinya a Tudun Wada, an kai gaisuwa, saura sa rana. Kwatsam sai saƙo ya iso gidanmu cewa a dakata. Wai wani baffanta ya gan ni da idonsa a gidan caca, ranar Litinin da sassafe, na hakimce a kujera ana ba ni lemo kamar babban kwastoma. Da aka tambayi yarinyar inda nake aiki, ita kuma baiwar Allah ta faɗi abin da na gaya mata, ta ce a ful. Magana ta haɗu.

Mahaifiyata ta yi kuka, ta ce ba ta haife ni don in ci haram ba. Na yi bayani har muryata ta dushe, amma duk inda na ce ful sai a ce to ga shi ma ya amsa da bakinsa. Kawu ya zo, maimakon ya cece ni sai tarinsa ya tashi, aka ba shi ruwa. Da ƙyar aka shirya zama a zauren mahaifin yarinyar, ni da Kawu da Goggo, wadda ta ce ko ba a gayyaci mata ba sai ta je, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida.

Baffan yana gefe cikin babbar riga. Ya ba da shaida tiryan-tiryan: launin shaddata, jakar kafaɗata, maltina, har rasit ɗin da aka zazzage mini. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Na fito da takardar aiki, Kawu ya yi bayanin motoci da tafireta, mahaifin yarinyar yana sauraro yana jan carbi, fuskarsa ba ta nuna inda ya dosa ba.

Sai muryar Goggo ta fito daga bayan labule.

"Alhaji, a gafarce ni, tambaya gare ni. Yaron nan ya ce shagon a ƙarshen lungu yake, ba ya ɓullewa ko'ina. Haka ne?"

Baffa ya ce haka ne.

"Kuma daga titi ba a hango cikinsa?"

Ya yi shiru.

"To Alhaji, daga ina aka tsaya aka ga har rasit?"

Carbin mahaifin yarinyar ya tsaya. Ya juya a hankali ya dubi ƙaninsa. Ni ma na dube shi da kyau a karon farko, na dubi babbar rigar, na ga ɗigon jan biro a bakin aljihunta. Baffa ya ce shi dai wani yaro ya je nema da ke bin sa bashi, wato da yake bi bashi, wato dai saƙo aka ba shi. Daga nan ya duba agogo ya ce la'asar ta gabato, alhali ko azahar ba a kira ba.

An sa rana a zaman nan, wata biyu. Baffan ne ma aka wakilta ya karɓi sadaki, ya ƙirga kuɗin sau biyu bai ɗago ya dube ni ba, mahaifin yarinyar kuma ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya ajiye da kansa.