Ranar da aka tsallake a bikin Lafayette

Wata goma sha uku Amurkawa suka kwashe, daga Agustan 2024 zuwa Satumban 2025, suna bikin cika shekara 200 da zagayen bankwana da Janar Lafayette, Bafaranshen da ya taya su yaƙin neman 'yancin kai, ya yi a ƙasarsu, ana bin sawunsa gari-gari, ana kafa alluna a wuraren da ya yada zango. Ba ni da ja a kan wannan, domin bashi ne suke biya. Saurayin da ya sayi jirgin ruwa da kuɗin aljihunsa a 1777 yana ɗan shekara 19, ya sha harsashi a ƙafa a fagen Brandywine, sannan ya kasance cikin waɗanda suka yi wa sojan Birtaniya ƙawanya a Yorktown a 1781, ya cancanci kirari a can. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne laƙabin da aka yi ta maimaitawa ba a tauna shi ba, wai "gwarzon duniya biyu", kamar abin da ya shuka a Faransa daidai yake da abin da ya shuka a Amurka.

Masu wannan kirari suna son su tsaya a 1789, farkon juyin juya halin Faransa, shekarar da ya gabatar wa majalisa daftarin sanarwar 'yancin ɗan Adam, aka kuma naɗa shi kwamandan dakarun tsaron ƙasa na birnin Paris kwana ɗaya bayan faɗuwar kurkukun Bastille. Suna son labarin mabuɗin kurkukun da ya aika wa George Washington, mabuɗin da har yau yana rataye a gidan Washington na Mount Vernon. Abin da ba sa son a taɓo shi ne ranar 17 ga Yuli, 1791.

A watan Yunin wannan shekara Sarki Louis na 16 ya sulale daga fadarsa da tsakar dare, fadar da tsaronta ke wuyan Lafayette, ya bar takarda da hannunsa yana tir da juyin juya halin, aka tare shi a Varennes aka dawo da shi. Maimakon a gaya wa jama'a gaskiya, sai Lafayette da manyan majalisa suka ce wai sace sarkin aka yi. Mutanen Paris ba yara ba ne. Dubbai suka taru a dandalin Champ de Mars domin sa hannu a takardar neman a tsige sarkin, kuma takardar tana ajiye ne a kan dandamalin da Lafayette da kansa ya hau shekara guda kafin nan, ya yi rantsuwar biyayya ga al'umma da doka da sarki. Da yamma ya iso da dakarunsa, magajin gari Bailly yana tare da shi, an ɗaga jar tutar dokar ta-ɓaci. Aka yi jifa da duwatsu, dakarun suka buɗe wuta. Masana tarihi sun saɓa a kan adadin mamatan, daga goma sha wani abu zuwa kusan 50, amma babu mai musun waye kwamanda a wurin. Bailly ya biya da kansa a 1793, lokacin da aka fille masa kai. Shi kuwa Lafayette, yau sunansa ne a kan tituna da garuruwa da makarantu.

Masu kare shi za su ce da safiyar ranar taron ya kashe mutum biyu da aka samu ɓoye a ƙarƙashin dandamalin, kuma an harbi Lafayette shi ma ba a same shi ba, kamar laifin wasu ƙalilan da safe ya halatta jinin masu sa hannu a takarda da yamma.

Ba tuntuɓe ba ne, hali ne. Rundunar da yake jagoranta an gina ta ne a kan masu biyan haraji, talakan da ba ya iya biyan kwatankwacin ladan ƙwadagon kwana uku ba shi da ƙuri'a. A watan Yunin 1792, ana tsaka da yaƙi da Ostiriya, ya baro sojojinsa a bakin daga ya shigo majalisa yana neman a murƙushe ƙungiyar Jacobin ta masu tsattsauran ra'ayin juyin juya hali, kuma duk wanda ya taɓa ganin janar ya tsaya a gaban zaɓaɓɓun wakilai yana gindaya musu sharaɗi ya san sunan wannan abu. Da aka hamɓarar da sarki a watan Agusta, ya nemi sojojinsa su bi shi suka ƙi, sai ya tsallake iyaka ranar 19 ga wata ya faɗa hannun abokan gaba. Shekara biyar ya yi a tsare, a hannun Furushiya da Ostiriya, har matarsa Adrienne, wadda aka fille wa mahaifiyarta da kakarta da 'yar'uwarta kai, ta bi shi kurkukun Olmütz da 'ya'yansu mata biyu. Wannan wahala gaskiya ce, haka ma ƙin da ya yi na amincewa Napoleon ya zama shugaba na har abada a 1802. Sai dai shan wahala a kurkuku ba ya wanke abin da mutum ya aikata lokacin da bindiga take hannunsa.

Ko batun bayi da ake yawan yaba masa, a duba shi da kyau. Ya sayi gona a Cayenne, yankin mallakar Faransa a Kudancin Amurka, da niyyar 'yanta bayin cikinta sannu a hankali, amma sannun ta yi tsawo har aka ƙwace dukiyarsa a 1792 bai 'yanta su ba.

Sai kuma 1830, lokacin da Allah Ya sake ba shi damar da ba kowa ke samu sau biyu ba. Bayan kwana uku ana gwabzawa a titunan Paris, Sarki Charles na 10 ya faɗi, matasan da suka zubar da jini suna kiran jamhuriya, kuma tsohon janar mai shekara 72 shi ne mai faɗa a ji. Ranar 31 ga Yuli ya fito da Louis-Philippe, wani ɗan gidan sarautar Faransa, gaban taron da ke bakin fadar magajin gari, tuta mai launi uku a hannu, ya rungume shi a idon jama'a. Da wannan runguma aka yi sabon sarki. Kafin shekara ta ƙare an raba shi da muƙaminsa na kwamanda, ya koma yana ƙorafi daga kujerar majalisa, sarkin da ya ɗora kuwa ya ci gaba da mamayar Aljeriya da wanda ya gada ya fara.

Ba cewa nake a rushe gunkinsa ko a kankare sunansa daga tituna ba. Amma masu kafa alluna su ƙara layi ɗaya, malaman tarihi kuma su daina tsallake shafin 1791. A maƙabartar Picpus da ke Paris, inda aka binne shi a 1834 da ƙasar da aka ɗebo daga Bunker Hill, wani fagen yaƙin neman 'yancin Amurka, tutar Amurka ce ke kaɗawa a kan kabarinsa, kuma wannan tuta ta fi laƙabin da ake yi masa faɗin gaskiya.