Hajiya ta manta sunana, ba ta manta Yasin ba

Tun da 'yar yayana ta tafi Faransa karatun digiri na uku, duk suna ko bikin da na je a nan Garwa ta Kamaru sai an tare ni: "Wai likita za ta zama?" In na ce a'a, bincike take kan yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu da yadda take sakinsa, sai a taɓe baki. Wani dattijo cewa ya yi an zuba kuɗi shekara da shekaru, ko allura ba ta iya ba. Na yi shiru don furfurarsa, amma maganar ta tsaya min a rai.

Ilimin halittu ta karanta a Jami'ar Ngawundare. Abin da ya karkatar da ita kuwa a tsakar gidanmu yake: mahaifiyarmu. Hajiya sai ta ci tuwo ta ce an hana ta abinci. Ta dube ni, ni da ta haifa, ta ce, "Bawan Allah, daga ina?" Amma a ja mata bakin Yasin, sai ta kai ƙarshe ba gyara. Wasu suka ce tsufa, wasu suka ce iska, har da masu raɗe-raɗin sammu. Jikar ce kaɗai ta tambaya me ya sa wannan ya tafi, wancan ya zauna.

Ita ta ba ni labarin Henry Molaison a waya. A 1953, a Amurka, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire mafi yawan wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, dama da hagu. Farfaɗiya ta lafa, amma daga nan sabon abu ya daina zama a kansa har ya rasu a 2008. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana duban madubi. Kullum hannunsa ƙara ƙwarewa yake, shi kuwa bai tuna ya taɓa yi ba. "Baffa," in ji ta, "ba rumbu ɗaya ƙwaƙwalwa ke da shi ba." Cutar mantuwa ta Alzheimer kuma galibi ta wajen hifokamfus ɗin nan take fara ci. A nan na gane Hajiya.

Aikin 'yar yayan nawa shi ne sa mutum cikin IRM, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, a nuna masa hotuna, daga baya a gwada abin da ya riƙe. Kada jan nan da ɗorawa da kuke gani a hotunan ƙwaƙwalwa a Facebook su ruɗe ku, na'urar ba ta karanta tunani. Iskar oksijin ta cikin jini take bi, dabarar da masanin kimiyya Seiji Ogawa ya nuna a 1990, kuma jinin sai bayan 'yan daƙiƙu yake amsawa. Sauran duk lissafi ne a kwamfuta. Yarinyar da ta guji lissafi a sakandare, ga shi ya cim mata a Turai!

A 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta gano ɓangaren baya na hifokamfus ɗin direbobin tasi na Landan ya fi na sauran mutane girma. Direbobin sun shiga tarihi ne don mai tambayar a garinsu take. Mu fa? Alaramman da ke rubuta izu sittin da ka, da mai mashin ɗin haya da ya san kowane lungu na Marwa, sai wanda ya tashi cikinsu zai yi tunanin tambaya a kansu. Tsohuwar da Hausa da Fulatanci kawai take ji, in aka gwada tunaninta da Faransanci, ai an kayar da ita tun ba a fara ba.

Ban ce 'yar yayan nawa za ta dawo gida ba, tsoron da nake ji ke nan. Ta kuma faɗa min ƙiri-ƙiri bincikenta ba zai dawo mana da Hajiya ba. Duk Juma'a dai takan kira, in kara wa Hajiya waya a kunne. Ba ta gane mai maganar, amma tare suke kai Yasin ƙarshe.