Ɗigo Biyu na Sufa-gulu

Kun dai san jar motar wasan nan tawa mai rikiɗa ta koma mutum-mutumi, wadda ke saman kanta, wadda nake hana kowa taɓawa. To hannunta na dama yanzu yana cikin kwalin ashana. Ni na ɓalle shi da kaina, a gaban mutum 5, ko yawun wa'azin da na yi musu na "ba a yi masa ƙarfi" bai bushe a bakina ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba su da laifi ko na anini.

Asalin abin, kafaɗa ce ta saki. Kafaɗar irin waɗannan ƴar ƙwallo ce ta roba da ke zaune cikin gurbi, tamkar boljoyin na makanikai, kuma duk juyi ɗaya tana ɗan cinyewa, har hannu ya riƙa zubowa ƙasa da kansa. Maganin sananne ne. A zare ƙwallon daga gurbin, a shafa mata man farce marar launi siriri, a bar ta a waje ta kwana, da safe a mayar. In sufa-gulu za a sa, ɗigo ɗaya ne a bakin tsinken sakace, a zagaye ƙwallon da shi, ya bushe ƙarau tun tana waje. Kauri ake nema, ba liƙi ba. Ni da na sha koya wa mutane wannan, sai na ɗaga hannun sama, na tsiyaya ɗigo 2 kai tsaye cikin gurbin, na motsa shi sau biyu, waya ta yi ƙara, na tafi. Da na dawo na tarar da shi tsaye ƙyam, hannu a sama kamar ɗalibi mai neman izinin fita. Har daɗi na ji, na ce yau dai kafaɗa ta kama.

Washegari da yamma suka taru, har da mijin Yaya da yaronta. Na sa wa ƙanena waya a hannu ya ɗauki bidiyo, don bita nake son yi mai kyau. Na fara da tarihi kamar kullum: a 1984 kamfanin Hasbro ya fito da irin waɗannan motocin wasa da sunan Transformers a Amurka, amma kayan da kansu na kamfanin Takara ne na Japan, daga jerin Diaclone da Micro Change, ɗaya daga cikinsu mai suna Bumblebee da farko Volkswagen Beetle ne, sai a 2007 ya koma Camaro, jerin Masterpiece na manya masu tarawa ya soma a 2003. Na nuna musu tawa, girman Deluxe, tsawonta bai kai santimita 15 ba, mataki 21 daga mutum zuwa mota. Sannan na ɗaga yatsa na kafa doka. Na ce in abu ya ƙi tafiya, to wani abu ne a baya bai zauna ba, a koma mataki ɗaya a duba. Na ce roba tana gargaɗi kafin ta karye, wani farin layi ne ke bayyana a inda ta gaji, wanda duk ya ga farin nan ya ci gaba, shi ya so. Na maimaita sau biyu ina kallon mijin Yaya.

Akwai dalilin kallon. Mutumin nan shi ne ya taɓa ɗaukar farar motata ta ƴan sanda ya gurza ta a siminti, yana "vuum", wai ai mota ce, me ya sa aka yi mata taya. Tayoyin irin waɗannan da ƙyar suke ɗaga cikin motar daga ƙasa, milimita 1 ko 2, saboda ƙirji da gwiwoyin mutum-mutumin duk a nan ƙasa suke naɗe. Fentin azurfar gwiwa ya tafi, bai dawo ba. Bayan haka ya ajiye ta a bakin taga, wai ta fi kyau a haske, ban lura ba sai da rana ta mayar da gefe ɗaya ruwan ɗorawa. Har yau bai ce yi haƙuri ba. Kuma bai taɓa kiransu da sunansu ba, kullum "ƴan tsanarka". In na gyara masa sai ya ce, "To, ƴan tsana masu taya." Takardar matakan wata ma ya taɓa ninke ta ya tokare ƙafar tebur da ita. Wannan maganar ta wata rana ce.

Mataki 8 na farko sun tafi sumul. Kai ya nutse cikin ƙirji, na ɗaga ƙirjin ya zama bonet, dunƙulen hannu suka shige cikin damtse, ƙugu ya juya digiri 180, ƙafafu suka haɗe, tafin ƙafa ya naɗe cikin ƙwauri ya zama bayan mota. Hannun hagu ya sauko, ƙofar da ke manne a jikinsa ta shiga tsagarta, ƙyat. Ina magana ina yi, ko kallo ba na yi sosai.

Na kama na dama. Shiru.

Na ɗan ƙara. Ko gezau. Na yi murmushi ga kyamara na ce, "Kun ga amfanin gyara, gaɓa ta yi ƙwari." Na koma mataki ɗaya kamar yadda na koyar, na buɗe bonet na rufe, na sake gwadawa. Mota ta kusa haɗuwa, ga bonet, ga fitilu, ga tayoyi 3 a ƙasa, amma hannu ɗaya ya fito ta gefe yana nuna silin, da ƙofa da taya ta huɗu rataye a jikinsa. A daidai nan na tuna wayar jiya. Gumi ya tsattsafo mini a goshi. Abin da ya kamata shi ne in ajiye, in ce a kashe bidiyo, in jiƙa kafaɗar a ruwa mai ɗumi wanda bai tafasa ba na ƴan mintuna, in riƙa lallaɓa ta a hankali ko gam ɗin zai saki. Amma mijin Yaya ya gyara zama, ya harɗe hannu, ya ce, "Ko in taimaka maka ne?"

Wannan tambayar ce ta karya hannun.

Na dafe kafaɗar da babban yatsa, na danna. Wuyan ƙwallon, wanda kaurinsa bai fi milimita 3 ba, ya fara fari. Na gani. Wallahi na gani, layin nan ya fito tas kamar an ja shi da alli. Ƙanena ma ya gani, don ya matso da waya ya cika allo da shi. Na ce a raina saura kaɗan gam ya saki. Ƙas! Hannu da ƙofa da taya suka tashi, suka bugi ƙafar tebur, suka gangara ƙarƙashin kujera, kuma da yake akwai taya, ba su tsaya kusa ba. Ɗakin ya yi tsit. Ƙwallon tana nan daram cikin gurbinta, gam ya riƙe ta riƙon amana.

Yaron Yaya ne ya rarrafa ya ɗauko. Ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi, ya ce, "Kawu, ka ga farin layin kuwa?" Ban amsa ba. Na ce dama ana iya nuna siffar mota haka nan, na buɗe rufin daga baya na danna shi, na ajiye ta a tebur. Ta karkace ta kwanta a gefen da babu taya. Uban nasa ya sunkuya ya leƙa ta ramin ƙofar, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Wannan sai fanel-bita." Yaya ta fita waje da sauri, ina jin dariyarta ta taga.

Da dare na ga ɓarna ta biyu. Tururin sufa-gulu yana bin roba mai garai-garai ya bar mata farin hazo, kuma gilashin ƙofar dab yake da kafaɗar, ya yi dishi-dishi. Ƙanena ya kawo shawarar asiton, sinadarin goge man farce, na hana, don asiton narkar da irin wannan robar yake yi, fenti ma ba ya bari.

Gyaran da ya rage shi ne dasa ƙarfe. A huda ƙwallon da kututturen hannun da bakin huji na milimita 1, da hannu ba da inji ba, don zafin inji yana narka ramin ya faɗaɗa. A yanko waya daga ƙarfen maƙale takarda, kamar milimita 8, rabi nan rabi can, a haɗa da gam mai kwaɓi biyu, a bar shi awa 24. Kafin nan sai an fara ɓanɓaro ƙwallon daga gurbin, an kankare busasshen gam da bakin reza. Na ɓanɓaro ta dai. Bakin hujin ne na rasa inda na sa shi, na san cikin wata gwangwanin alawa yake.

Bidiyon ƙanena ya ce ya goge. Jiya mijin Yaya ya turo mini saƙo, wai ya mai jiki.